Tiyar Malam Idrisa Ba Ta Cika

Akwai wani hali da ba a lissafa shi cikin manyan laifuffuka. Ba a kai mai shi gaban alƙali, liman ma bai cika taɓo shi a huɗuba ba, amma yana cin mutum ta ƙasa kamar yadda gara ke cin rumbu. Halin nan shi ne a ba ka abin da ya ishe ka, ka ƙi rufe hannu sai an ƙara. Shi ne halin Malam Idrisa na Tudun Aduwa, a ƙasar Ollelewa, kuma shi ne ya ci shi.

Kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. A'a. Ma'auni ne tun yana saurayi, ya auna hatsin Damargu a kasuwar Tanout har gemunsa ya yi fari, kuma ba a taɓa jin ya tauye wa kowa tiya ba. Sai dai in shi ne mai saye, to ko allura ya saya sai an ɗora masa zare. Mahauta sun san shi, masu goro sun san shi. In aka ce masa yau babu gyara, sai ya ajiye kayan, ya kaɗe riga, ya juya ya kama tafiya a hankali, ƙafa tana gaba kunne yana baya, yana jiran a ce, "Dawo, Malam." Kuma ana cewa. Tunda yake, ba a taɓa barinsa ya kai bakin kasuwa ba.

Da ƙarfi ya ragu ya bar awo, sai mutanen gari suka ɗora shi shugaban kwamitin foraji, wato rijiyar burtsatse mai shato, babban tankin ruwa na sama, da ke gabas da gari, inda mutane da dabbobi ke sha in tafkuna sun ƙafe. Ana ce masa perzidan, yana kuma jin daɗin sunan. Gonakinsa biyu suna bayan rijiyar. Duk rani wani Bafillace mai suna Dado, abokinsa tun na ƙuruciya, yakan sauko da shanunsa ya yi zango a gonakin nan. Shanu su kwana suna zuba taki, iyalin Dado su aiko wa Zalika, matar Idrisa, da nono da safe, su kuma tsofaffin biyu su zauna gindin aduwa suna shayi suna tsokanar juna. Ƙasar Damargu rairayi ce, duk wanda ya noma ta ya sani: gonar da shanu suka kwana a kanta daban, wadda ba su kwana ba daban. Da takin Dado rumbunan Idrisa suke cika.

To wani rani abin ya ɓaci. Dabbobi sun yi yawa, kowa kuma so yake ya riga. Tun da sassafe shanun Fulani da raƙuman Buzaye da awakin gari sai su cika bakin kwamin da ake shayarwa, a tsaya cikin rana har la'asar, ba kiwo ba sha. Ranar nan aka yi turereniya, wata karsanar Dado ta karye. Da zai tashi farkon damina ya ce, "Idrisa, ni da kai ba abin da ya haɗa mu. Amma ba zan sake tsayar da shanuna wuni guda suna kallon ruwa ba. In baɗi ma haka ne, Kwarin Magarya zan gangara." Kwarin Magarya wani gari ne ta wajen Falanko, su ma suna da foraji.

Maganar nan ta zauna wa Idrisa a ƙirji duk damina.

Ana cikin kaka sai ga Sakinatu, jikarsa, ɗiyar ɗansa Hamza. Ta yi karatu a Damagaram, a can kuma take aiki, a wani ƙaramin biro, ofis ke nan, na samari da 'yan mata masu haɗa manhaja, wato umarnin da ake rubuta wa waya da kwamfuta su bi. Ita ba ta rubutawa. A biro ana ce mata analis. Aikinta ta je wurin masu buƙata ta zauna, ta ji abin da ke damunsu, ta rairaye shi kamar mai rairayar tsaba, ta kai wa masu rubutu abin da za su iya ginawa. In sun gina ta dawo da shi a gwada, ta koma musu da abin da aka ce. Tana tsakani, kowane ɓangare da ita yake faɗa. Wani poroje ne, wato shirin taimakon karkara, ya ba biron nasu aikin tsara layin shayar da dabbobi, kuma akwatin na'ura ɗaya tak za a fara kafawa a gani, mai faranti na hasken rana. An zaɓi Tudun Aduwa. In ba ta yiwu ba, Kwarin Magarya.

"Amarya ta zo!" in ji Idrisa da ya gan ta a zaure. "An gaji da samarin birni marasa gemu, an dawo gun mijin gaske."

"Wane miji, tsoho? Haƙoran da suka rage maka ko gyaɗa ba za su fasa ba. Aiki ya kawo ni."

"To ga ni. Ni ne perzidan. Tambayi duk abin da kike so."

Ta tambaye shi, ya yi ta bayani har shayi ya huce. Washegari sai ya ga ta ɗauki tabarma ta tafi bakin rijiya ta zauna. Daga nan ta bi makiyaya har tafkunan da suke, ɗaya bayan ɗaya. Wa ke riƙe waya a cikinku, mai gida ko mai kora shanu? Ina kuke samun rezo, wato inda waya ke kamawa, a zango ko sai an hau tudu? In baƙo ya zo daga nesa da garke mai ƙishirwa fa? In ranar layinka aka yi maka rasuwa fa? Ta shiga cikin mata masu jarka, su ma ta tambaye su. Haka ta yi kwanaki, har ƙafafunta suka yi kaushi.

"Ke," in ji Idrisa, "na riga na faɗa miki komai. Me kike nema a bakin raƙuma?"

"Kai yadda ya kamata a yi ka faɗa mini, Kaka. Ni yadda ake yi na zo gani."

Ya yi tsaki. Amma da ta ba da baya sai ya ce wa Zalika, "Kan nan nawa ta ɗauko."

"Allah ya sa ba duka ba," in ji Zalika.

Kafin Sakinatu ta koma, ta tara 'yan kwamiti da makiyaya a ƙofar gidan kakanta. Ta ɗebo tsakuwa ta jera a tabarma, kowace tsakuwa abu ɗaya. Wannan, in garke ya kusa gama sha, mai gadin famfo ya danna waya, ita kuma ta kira na gaba ta ce ya taso, shanunsa suna can suna kiwo har lokacin. Wannan, in wayarsa a kashe take a kira maƙwabcinsa na zango. Wannan, mutum biyu su iya musayar rana. Wannan, baƙo mai ƙishirwa a sa shi gaba kamar yadda aka gada. Ta ƙarshe, muryar ta yi Hausa da Fulatanci da Tamajak, tunda ba kowa ke karatu ba. Ta maimaita musu, ta sa su ma suka maimaita mata, sannan ta ce, "Haka ne, ko na ƙara gishiri?" Suka ce haka ne.

"To su Haris sun ce in aka tsaya a nan, za su gama kafin tafkuna su ƙafe." Haris shi ne babban mai rubutu a biron nasu.

Bayan 'yan makonni ta dawo da gwaji na farko. Ta sa Idrisa ya riƙe wayarsa, ta danna tata. Wayar ta yi ƙara, ya kara a kunne, sai ya ji wata murya ta ce, "Layinka ya zo. Ka taso."

Ya cire wayar daga kunne ya dube ta. "Wane marar tarbiyya ne wannan?"

"Na'ura ce, Kaka."

"Ko aljani ne. Ya kira dattijo, ba sallama, ba ina kwana, ba ya dabbobi, sai ka taso? Yaronsa ne ni? Wallahi Dado ya ji wannan, cikin kwami zai jefa wayar."

Sakinatu ta fashe da dariya. "Ka yi gaskiya, tsoho. Wannan ya wuce ni." Nan take ta kira Haris a gabansa. Haris ya ce gaisuwa tana tsawaita kira. Ta ce masa kiran da za a kashe don haushi ba shi da amfani ko da gajere ne. Suka ja, ta dage, har ya yarda. Idrisa da bakinsa ya tsara gaisuwar, tun daga sallama har tambayar lafiyar iyali da ta dabbobi, kuma ta yi kyau, wannan kam ba mai musu.

Nan ne fa ya ɗanɗana. Ya ga ashe kasuwar nan ma ana gyara.

Da ta sake dawowa da gwaji, gaisuwa ta zauna daram, kiran maƙwabci ma yana aiki. Idrisa ya saurara yana gyaɗa kai, ya shafa gemu ya ce, "Madalla. To tunda abin nan yana da baki, ya riƙa faɗin lokacin salla mana. Makiyayi a daji ba shi da ladan."

"Na tambaye su, Kaka. Sun ce inuwarsu suke dubawa."

"Ya riƙa yin cigiyar dabbar da ta ɓata kuma. Sannan in ya gama magana ya ce saƙo ne daga perzidan Malam Idrisa, don a san gari yana da shugaba."

"Cigiya abu ne mai kyau, zan kai maganarta don gaba. Na ƙarshen nan kuwa ko a gaban ma ba na ɗauka."

"Gaba? Wane gaba? Yanzu ake ciniki."

Sakinatu ta tashi ta shiga ɗakin Zalika, ta fito da tsohuwar tiyarsa da kwaryar gero. Ta cika tiyar ta shafe bakinta da hannu, ta ajiye a gabansa. "Wannan shi ne lokacin su Haris daga yau zuwa ƙafewar tafki. Ya cika. In kana so in zuba cigiya, faɗa mini abin da zan kwashe. Musayar rana zan kwashe, ko baƙo mai ƙishirwa?"

Idrisa ya yi murmushi, don an kawo masa sana'arsa har zaure. Ya jawo tiyar, ya ɗebi gero ya ɗora, ya ƙara ɗorawa, har ta yi tozo. Sannan ya kewaye bakinta da hannun hagu, ya ci gaba da zubawa, gero ya hau har wuyan hannunsa, ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. "Wannan ce kika ce ta cika, 'yar boko?"

"Ka iya. To tashi ka kai ta ɗaki a haka."

Ya yunƙura. Gwiwa ta yi ƙara, kafaɗa ta karkace, gero ya watse a tsakar zaure, kaji suka rugo daga cikin gida kamar an aika musu. Zalika, da ke leƙe ta bakin ƙofa, ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Kajina sun gode, perzidan."

Wani da nan ya gane. Idrisa kuwa abin da ya gane shi ne yarinyar nan ta fi mahauta taurin kai, kuma dillaliya ce kawai. Ya ce a ransa mai kaya zai gani.

Ya jira sai da ya ji Sakinatu ta tafi Belbeji ɗaukar muryar Tamajak. Ya sa babbar riga, ya ɗaure cuku mai kyau a ƙyalle, ya shiga motar kasuwa zuwa Damagaram. Da safe ya isa biron. Ya tarar da samari da 'yan mata a tsaye sun yi da'ira gaban wani bango da aka manna wa ƙananan takardu masu launi, kowa yana faɗin abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau.

"Salamu alaikum. Subhanallahi, ba ku da kujeru ne? Ga su nan kuwa birjik."

Haris ya gane ko wane ne, ya russuna ya gaishe shi. "Da gangan muke tsayuwa, Baba, don kada magana ta yi tsawo."

"To ni a zaune zan yi tawa."

Ya zauna. Da dattijo ya zauna, ba wanda ya iya tsayawa a kansa, duk suka durƙusa. Ya kwance ƙyalle ya raba musu cuku, ya tambayi kowa garinsu da sunan ubansa, ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ga baki ya cika, sannan ya fara. Lokacin salla. Cigiya. Sunan perzidan. A mota ma ya tuno wani, cewa wayar ta riƙa faɗin ranar da malamin dabbobi zai zo allura.

Haris saurayi ne mai tarbiyya. Ga tsoho ya taso tun daga Damargu, ga cukunsa a baki. "To, Baba," ya ce. "In sha Allahu, Baba. Ba komai, Baba." Shi ma yana da nasa laifin, don kunyar da za ta sa ka ɗauki alkawarin da ba ka iya cikawa ba ladabi ba ce. Amma ba labarinsa ake yi ba.

Idrisa ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya sayi raƙumi aka ba shi da sirdi.

Da Sakinatu ta dawo daga Belbeji ta tarar mutum biyu sun ajiye musayar rana, ɗaya yana lissafin lokutan salla, ɗaya yana fama da cigiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja Haris gefe.

"Me zan ce masa?" in ji Haris. "Kakanki ne, sa'an kakana."

"Ka ce masa sai Sakinatu ta zo. Don wannan aka ajiye ni. Ni ce mai cewa a'a, ku ku yi rubutu. Ni in na ce masa a'a zagina zai yi ya ba ni goro."

Ta mai da su kan abin da aka jera a tabarma. Lokaci ya riga ya zube, sai da suka haɗa har da ranakun hutu. Da ƙyar suka gama, daidai lokacin da tafkuna suka koma taɓo, shanu suka fara juyo da kai wajen foraji.

Ranar kafawa mota ta zo da akwatin da mai haɗa shi. Ƙa'idar poroje ita ce ba a kafawa sai kwamiti ya ce ya karɓa a gaban jama'a. Aka taru a bakin rijiya, har da Dado, wanda ya sauko a makon nan. Sakinatu ta sa mai gadin famfo ya danna. Wayar Dado ta yi ƙara, murya ta gaishe shi da Fulatanci, shi kuma ya shiga amsawa, yana tambayarta gida da yara da sanyi, sai da mutane suka kwashe da dariya sannan ya gane. Aka gwada musayar rana, ta yi. Aka gwada baƙo, ya shiga gaba. Aka kashe wayar wani Buzu, ta maƙwabcinsa ta yi ƙara.

"Ni wannan ya ishe ni," in ji Dado.

Idrisa ya gyaɗa kai a hankali. A ransa abin ya burge shi ƙwarai, amma mai saye ba ya nuna haka. "Ina lokacin salla? Ina cigiya? Haris ya yi mini alkawari, cukuna a bakinsa."

"Haris ya yi kuskure, ya ce in ba ka haƙuri. Ba a yi su ba, ba kuma za a yi su bana ba. Abin da muka jera a tabarma ga shi duka, har da gaisuwarka a kai."

"To a sa sunan perzidan kawai. Wannan ai ba ya cika baki."

"An rufe, Kaka, an gwada. In aka buɗe sai an sake ɗaukar murya da harshe uku, a sake gwadawa, ga shanu sun riga sun iso. Akwatin nan yau za a kafa shi, ko nan ko Kwarin Magarya."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi bayan shato, inda ba mai ji. Ba wasa a fuskarta. "Kaka, ba ciniki nake yi da kai ba. Babu abin da na ɓoye a bayan zane da zan fito da shi in ka matsa. Ka ce ka karɓa, Dado ya kwana a gonarka."

Idrisa ya dube ta, ƙauna ta cika masa ido. Duk mai kaya da ya taɓa tsayawa gabansa haka yake cewa, da irin fuskar nan, amma ba wanda ya iya ta kamar jikarsa. Ya ce a ransa da namiji ce da ta gaje shi a kasuwa. Ya dafa kanta, ya koma cikin taro, ya ƙyafta wa 'yan kwamiti ido. Su kuma tun suna yara suke ganin Malam yana juya baya ana kiransa.

"Awo ba gyara," ya ce da ƙarfi, "ba mu karɓa ba."

Sakinatu ta dubi sauran 'yan kwamiti. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Abin da Malam ya ce."

"Kai, Idrisa!" in ji Dado. "Yau ba ranar kasuwa ba ce."

Idrisa ya kaɗe riga, ya juya, ya kama hanyar gari a hankali.

"Kaka!"

Zuciyarsa ta yi sanyi don daɗi. Ya rage tafiya, amma bai juya ba. Kiran farko ba a amsa shi, a na biyu mai kaya yake sassautawa.

"Kaka, don Allah ka dawo."

Ya ɗan karkato da kai. "Da suna ko babu?"

"Babu."

Ya ci gaba. Ya wuce gindin aduwa, ya wuce dangar farko, ya shiga gari. Ba a taɓa barinsa ya yi nisa haka ba, amma kayan ma ba a taɓa kawo masa irinsu ba, dole a ja. Ya shiga zaure ya zauna yana fuskantar ƙofa, ya ce wa Zalika ta ɗora ruwan shayi, baƙi suna tafe.

Can kuwa sai ga ƙarar mota, ta tsaya a ƙofar gida. Ya daidaita zama. Sakinatu ta shigo ita kaɗai, ta durƙusa.

"Kaka, za mu wuce."

"Allah ya kiyaye hanya."

Ta jira. Shi ma ya jira. Zalika tana tsaye kusa da butar shayi tana dubansu. Can Sakinatu ta miƙe, ta daidaita masa rawanin da ya karkace, ta share ido da bakin mayafi, ta fita. Ya kasa kunne ya ji inda motar za ta juyo. Ƙararta ta bi hanyar Falanko, tana raguwa, har ta ɓace. Ruwan shayi ya tafasa ya ƙone, Zalika ta sauke butar.

A Kwarin Magarya shugabar kwamitinsu, Hadijatu, ta saurari gwaji, ta tambayi wa zai riƙa goge farantin, ta ce sun karɓa. Kafin la'asar an kafa.

A Tudun Aduwa kuwa abin bara ya dawo. Dado ya yi haƙuri kwanaki saboda abota, shanunsa suna tsaye cikin rana suna kuka. Ranar nan da hantsi ya zo gindin aduwa, ya hura gawayi da kansa, ya dafa shayi, ya miƙa wa Idrisa kofin farko.

"Ɗan'uwana yana Kwarin Magarya," ya ce. "Wai shanu suna kiwo har waya ta kira, su zo su sha su koma."

"Za ka bi na'ura ka bar abokinka."

"Ruwa zan bi. Kai ma in ƙafarka ta yarda ka zo, akwai shayi. Sai dai sukari kai za ka kawo, kuma kada ka ce in ƙara maka kofi na huɗu."

"Tafi can, Bafillacen banza. Dama shanunka sun ishe ni da wari."

Suka yi dariya, amma Idrisa ya raka shi har bayan gonaki, ya tsaya yana kallo har saniyar ƙarshe ta gangara. Wasu garkunan suka bi bayan Dado. Bakin rijiya ya yi sauƙi, gonakin da ke bayanta kuma suka zauna fari fat.

Sakinatu ba ta daina zuwa ba. Da salla ta zo masa da goro, ta zauna kusa da shi a zaure, ba ta tayar da maganar ba. Shi ne ya kasa haƙuri.

"Kin yi mini tsiya, amarya."

"Sau biyu na kira ka, tsoho."

"Na uku nake jira."

"Ai na gaya maka babu."

Ya juya goro a hannu. "Kin gaya mini," ya ce. Ya fasa goron, ya dubi ɓarin biyu, ya miƙa mata babban.

Ga abin da Malam Idrisa ya rasa. Gonakinsa biyu sun yi rani guda ba taki, inda yakan ɗaure dami ɗari da ashirin ya ɗaure saba'in, rumbu ɗaya cikin biyu bai ga hatsi ba. Zalika da ruwa ta dama fura tun daga sanyi har faɗuwar damina. Gindin aduwa ya zauna shi kaɗai da buta. Da kwamiti ya sake zama aka ɗora Sule, sa'an ɗansa, sunan perzidan ya tashi daga ƙofar gidansa. Dado kuma ya riga ya yi wa wani manomin Kwarin Magarya alkawarin zangon baɗi.